Abin da Rukayya ta koyo a Finland, zai yi aiki a Rigasa?

Rukayya A.:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na dawo daga shirin musayar matasa da aka yi a Helsinki, babban birnin Finland, kan yadda ake tantance labari kafin a yarda da shi ko a tura wa wani. Sharaɗin shirin shi ne kowa in ya koma gida ya koyar da abin da ya koyo. Ina so in fara da unguwarmu, Rigasa a Kaduna, kuma shawara nake nema kafin in sa ƙafa.

A can ba darasi ne mai zaman kansa ba. Tun manhajar karatunsu ta 2016 aka cusa shi cikin sauran darussa. Malamin lissafi zai nuna wa yara yadda ake murɗa alƙaluma su faɗi abin da mutum yake so. Malamin zane ya nuna yadda yanke gefen hoto ke juya ma'anarsa. Malamin tarihi ya kawo tsofaffin takardun farfaganda a zauna a feɗe su. Sun ƙara ƙaimi ne bayan 2014 da Rasha ta ƙwace Kirimiya, don iyakarsu da Rasha ta wuce kilomita 1,300.

Shirina shi ne in ari aji a wata makaranta, in samo majigi da janareta, in koyar da binciken asalin hoto da Google Lens, da yadda ake barin shafin da ya kawo labari a je a duba me wasu kafofi suka ce a kansa. Me kuka gani?

Ummi Badarawa:
Oyoyo 'yar Turai! Barka da dawowa. Tsarabarmu fa? Ko ita ma sai an tantance?

Bashir Rigasa:
Ƙanwata sannu da hanya, Allah ya sa albarka. Amma zan faɗa miki gaskiya tun da ita kika nema. Wa zai zo ajin nan? Ni na san su. Su ne dai yaran da ke zuwa kowace bita, su sa hannu a takarda, su karɓi kuɗin mota da satifiket, a ɗau hoto a gaban allo. Waɗannan ba su ne matsalarmu ba, da yawansu sun fi ki iya latsa waya.

Ƙaryar da ke tayar da hankali a Rigasa ba a rubuce take zuwa ba. Saƙon murya ne. Wani ne yana haki yana cewa «jama'a ku tura wa 'yan'uwa, yanzu-yanzu ga su nan sun shigo». To faɗa mini, wane Google Lens ne zai binciki haki?

Nura Mai Caji:
Yaya Bashir ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ni a shagona nake ganin abin da idona. Mutum zai kawo waya caji ya zauna a benci yana jira. Na kusa da shi ya ce «ka ga wanda aka yi jiya?» Sai su haɗa kai a kan waya ɗaya, gilashinta ma a fashe. Minti biyu an tura ta Xender, ko sisin data ba a kashe ba. Kafin la'asar bidiyon ya shiga waya goma a bencin nan kawai, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya san daga ina ya fito, don ba ta intanet ya same shi ba balle ya ga shafin da ya sa. Ki ce da mai facin taya ya je ya buɗe shafi uku ya gwada labari? Datar da zai yi hakan ita ce kuɗin abincinsa na rana.

Sadiq K/Mashi:
Ni tambayata daban ce. Su waye suka biya kuɗin jirgin? Bature ba ya kashe kuɗinsa a banza. Su ne za su koya mana wace ce gaskiya? A 1996 kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau, 11 suka mutu. Da iyaye suka fara magana, ai ji-ta-ji-ta aka kira ta. Sai a 2009 kamfanin ya yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Kuma manyan jaridunsu ne suka tallata cewa Iraƙi na da makaman ƙare dangi a 2003. Ina makaman?

Rukayya A.:
Yaya Sadiq, duk abin da ka lissafa ya faru, ba zan musa ko ɗaya ba. Amma ka duba abin da ka yi yanzu. Ka kawo shekara, ka kawo wuri, ka kawo adadi, wanda duk ya so zai iya bi ya tabbatar. Abin da nake son koyarwa ke nan. Ban ce a yarda da Bature ba. Cewa na yi a tambayi kowa hujjarsa, har shi Baturen.

Kuma ka ƙarasa labarin. Wancan tabon na Trovan yana cikin abin da ya sa aka yarda da raɗe-raɗin cewa allurar shan inna tana hana haihuwa, har Kano ta dakatar da ita a 2003, ba a dawo ba sai 2004. Cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Yaran da suka shanye a tsakanin nan namu ne, ba na Pfizer ba.

Sadiq K/Mashi:
Na ji. Amma ina nan a kan bakana game da mai biyan kuɗin jirgi.

Malam Sani:
Rukayya 'yata, Allah ya yi miki albarka. Ni malamin makaranta ne, bari in ce wani abu a matsayina na wanda ya daɗe a gaban allo.

Kada ki shiga unguwa da sunan kin zo da sabon ilimi daga Turai. Za a saurare ki don kunya, a watse a manta. Abin da kike magana a kai muna da shi. Aya ta 6 a Suratul Hujurat ta ce idan fasiƙi ya zo da labari a nemi bayani, don kada a cuci wasu mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Malaman hadisi kuwa sun gina fanni guda a kan tambaya ɗaya: wa ya faɗa maka, shi kuma wa ya faɗa masa? In sarƙar ta yanke a tsakiya, ko aka tarar da wanda ba a san shi ba, an ajiye maganar ke nan komai daɗinta. Duk yaron da ya yi Islamiyya ya taɓa jin wannan. Saƙon muryar da Bashir ke magana a kai, in aka ɗora shi a wannan ma'auni, ai ko matakin farko ba zai wuce ba.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Kowa ya haddace ayar, amma kowa yana ganin fasiƙin na can ɗaya ɓangaren ne. In labarin ya zo daga ɗan ƙungiyarmu, ko malaminmu, ko ɗan jam'iyyarmu, ba ma ganin akwai abin bincike. Aikinki ba karanta musu aya ba ne, sun riga ki saninta. Aikinki shi ne ki sa mutum ya yi amfani da ita a kan saƙon da ya yi masa daɗi.

Yohanna Sabon Tasha:
Malam, ranka ya daɗe, ka gama magana. Mu ma a Fitowa 23:1 an ce kada a baza labarin ƙarya, kuma mu ma haka muke yi da ita, sai a kan wasu.

Abin da nake so 'yan'uwana na arewacin gari su sani shi ne, irin saƙon da kuke samu mu ma muna samunsa a ƙetaren gada, an dai juya sunaye ne kawai. Ku ana ce muku ga su nan sun taso daga Sabo, mu ana ce mana ga su nan sun taso daga Rigasa. Ku tuna Oktoban 2018. An yi rikici a Kasuwan Magani, 'yan sanda suka ce mutum 55 sun mutu. Ranar Lahadin da ta biyo baya wutar ta shigo cikin gari, aka sa dokar hana fita ta awa 24. Mutane nawa ne a ranar suka ga wani abu da idonsu kafin su fara gudu? Kowa waya ce a kunnensa.

A shekarar nan dai, lokacin kashe-kashen Filato na watan Yuni, BBC ta bi diddigin hotunan da aka riƙa yaɗawa a Facebook, ta gano wani bidiyon ma ba a Najeriya aka ɗauke shi ba. Daga Kwango Brazzaville yake, tun 2012. Amma mutane sun riga sun tare hanya.

Shawarata, Rukayya, kada ki yi na Rigasa daban. A haɗa matasa daga ɓangarorin biyu, kowa ya buɗe wayarsa ya kunna wa ɗan'uwansa abin da aka turo masa. Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye a garin nan suka yi gaba da juna, a garin nan suka sasanta suka zauna tare. Ba baƙon abu ba ne a Kaduna.

Ummi Badarawa:
A haɗa su a kunna musu waɗannan saƙonnin a ɗaki ɗaya? Yohanna, ka tabbata ba sabon rikici za ka haɗa mana ba?

Yohanna Sabon Tasha:
Ba na wannan makon za a kunna ba, 'yar'uwa. Tsofaffi, waɗanda kowa ya riga ya san ƙarya ne.

Bashir Rigasa:
To yanzu bari in kawo wadda ta fi duka wuya, don kowa yana magana kamar duk saƙon da ke yawo ƙarya ne. Ba haka ba ne.

Daren 28 ga Maris 2022 da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna hari, wata matashiyar likita da ke ciki ta rubuta a Twitter cewa an harbe ta, a yi mata addu'a. Masu ganin sun waye suka yi mata caa, wai ƙarya take, neman suna take. Ta rasu. Mu da tashar jirgin ke unguwarmu mun san yadda aka kwana a daren.

Tudun Biri fa? Ranar 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi ya jefa bam kan masu Maulidi. Mutanen ƙauye ne suka fara faɗa ta waya. Rundunar sojin sama ta ce ba ita ba ce, sai daga baya sojin ƙasa suka amsa. Hukumar ba da agajin gaggawa, NEMA, ta ce an binne mutum 85. Ɗaliban Kuriga da aka sace a Maris 2024, da farko 287 aka ce, da aka sako su gwamnati ta ce 137 ne dama. Wanne za ka kama a ranar farko?

Saboda haka in kin tsaya a gaban mutumin da gonarsa ke hanyar Birnin Gwari kika ce masa ya jira sanarwar hukuma kafin ya yarda, dariya zai yi miki. Saƙon muryar nan da muke zagi, shi ya sha hana shi fita ranar da aka tare hanya. Da aka katse layukan waya a wasu sassan jihar a 2021, ji-ta-ji-ta ba ta mutu ba, a baki ta ci gaba da yawo, sai dai ba ka da wanda za ka kira ka tabbatar.

Rukayya A.:
Yaya Bashir, wannan ita ce tambayar da takardun da na zo da su ba su amsa ba. A Finland mutane sun yarda da 'yan sandansu da gidan rediyo da talabijin na ƙasa, Yle, shi ya sa «duba majiya ta hukuma» take da ma'ana a wurinsu. Ƙasar gaba ɗaya mutum miliyan biyar da rabi ne da 'yan kai, ba su kai jihar Kaduna a ƙidayar 2006 ba, wadda ta haura miliyan shida. Kusan kowa yana karatu, intanet kuma ba abin lissafi ba ne a wurinsu.

Ga abin da nake gani, ku gyara mini. Saƙonnin nan iri biyu ne, mu ne muke cakuɗa su. Akwai mai cewa «kada ka bi hanya kaza yau». In ka bi shi ya zama ƙarya, asararka wuni ɗaya ce. Wannan ba zan ce kowa ya yi watsi da shi ba, sai dai in ce kira direba ko ɗan'uwa da ke wajen kafin ka tura gaba. Akwai kuma mai cewa «'yan kaza ne suka yi, ku fito». In ka bi wannan ya zama ƙarya, jinin wani ne a wuyanka. Na farko yana neman ka tsare kanka, na biyu yana neman ka taɓa wani. Na biyun nake so mutum ya riƙe a wayarsa ya hana shi wucewa.

Kuma ko wanne ne, akwai abin da ba ya cin data. Mai maganar ya faɗi sunansa? Ya faɗi unguwa da layi, ko «wani wuri» ya ce? Ya faɗi rana, ko «yanzu-yanzu» kawai, wadda za ta yi daidai da bana da baɗi? Ya ce da idonsa ya gani, ko an ce masa? Likitar da ka ambata, da sunanta ta rubuta, ta faɗi inda take, ta faɗi abin da ya same ta ita kanta. Da waɗanda suka ƙaryata ta sun yi waɗannan tambayoyin, da sun yi shiru.

Bashir Rigasa:
Wannan ta fi majigi. Amma mutumin ƙauye da ke tsoron 'yan bindiga su gane muryarsa ba zai faɗi sunansa ba, kuma gaskiya yake faɗa.

Rukayya A.:
Haka ne. Shi ya sa ban ce rashin suna na nufin ƙarya ba. Yana nufin a kira wani a ji.

Anti Ladi:
Ku duk kuna maganar matasa. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma wallahi ba matasa ne suka fi ba ni wahala ba. Ku tuna Agustan 2014 lokacin Ebola, da aka tashi mutane da tsakar dare wai a yi wanka da ruwan gishiri a sha. Wa ya buga muku waya a daren? Ba abokai ba ne. Uwa ce, ko gwaggo, ko kawu, kuma don suna ƙaunarku suka kira. Aƙalla mutum biyu suka mutu, wasu da dama aka kwantar, masu hawan jini suka fi jin jiki.

Yanzu a guruf ɗin gidanmu, surukina, dattijo mai shekara saba'in da wani abu, shi ke turo yawancin irin waɗannan. Kwanaki ya turo wai wani haɗin ganye yana sa a daina shan maganin suga. Wata jikarsa 'yar jami'a ta rubuta a ƙasa, gaban kowa, «Baba wannan ƙarya ce». Ya fita daga guruf ɗin, aka yi ta biko. Ni kuwa da na kai masa abinci na zauna a ƙasa na gaishe shi, na ce «Baba, saƙon nan da aka turo maka, ina tsoron kada Inna ta gani ta ajiye maganinta. Ko za ka taimaka ka ja kunnen yaran kada su yaɗa?» Da kansa ya ɗau waya ya yi saƙon murya yana gargaɗin mutane.

To Rukayya, in za ki koyar, ki koyar da wannan. Yadda yarinya za ta gyara wa babba ba tare da ta kunyata shi ba. Ba na jin Finland sun ba ki takarda a kai.

Malam Sani:
Hajiya Ladi, Allah ya saka da alheri. A sa wannan a gaba.

Barista Hauwa:
Abu biyu a taƙaice. Na ɗaya, na san za a ce ki tsorata mutane da doka. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 yana nan, an yi masa gyara a 2024, amma an fi saninsa da kama 'yan jarida da masu sukar masu mulki fiye da masu haɗa husuma. In kika shiga da barazanar kamu, za a ɗauke ki 'yar gwamnati, kuma ranar kin gama. Na biyu, kada ki nuna hotunan gawa a matsayin misali ko da na ƙarya ne. A cikin masu sauraronki akwai wanda ya binne nasa.

Sadiq K/Mashi:
Duk kun bar babban ɓarawon. Akwai yaran da 'yan siyasa ke saya wa data duk wata don su ƙirƙiro. Su ba jahilci ke damunsu ba, sun san ƙarya ce. Maganar Jubril na Sudan, wai shi aka sa a madadin Buhari, wa ya manta? Har sai da Buhari ya tsaya a Poland a Disamban 2018 yana cewa shi ne da kansa ba wani ba. Yanzu kuma ga fasahar AI, ana ɗora wa mutum muryar da bai yi ba. In kin koya wa irin waɗannan yadda ake gane hoton bogi, kin koya musu yadda za su gyara nasu ne.

Nura Mai Caji:
Su ƙirƙira mana. In bencina bai tura ba, a wayarsu zai ruɓe. Ni dai abin da zan roƙa, a nuna wa mutane kibiyoyi biyun nan da WhatsApp ke sawa a kan saƙon da aka yi ta turawa. Tun 2020 irin wannan saƙon wuri ɗaya kawai yake barin ka tura a lokaci guda, mutane suna ta ƙorafi wai wayarsu ta lalace, har kawo mini suke in gyara.

Rukayya A.:
To ga yadda na sake tsarin. Na ajiye majigi da aron aji. Yaya Nura, in ka yarda zan fara da bencinka bayan la'asar, da wayoyin da ke hannun mutane. Anti Ladi, ina roƙon ki haɗa ni da Islamiyyar matan aure ta layinku, ke za ki yi maganar lafiya da ta manya, ni in yi ta saƙon murya. Binciken hoto zan koya wa mutum biyu ko uku a kowace unguwa masu data, su zama waɗanda ake tura wa a tambaya, su kuma in abin ya fi ƙarfinsu su duba ko shafukan tantance labarai irin su Dubawa da Africa Check sun riga sun bincika. Haɗuwar da Yohanna ya kawo a bar ta zuwa makon da UNESCO ta ware wa wannan fanni, 24 zuwa 31 ga Oktoba, wanda Abuja ta karɓi baƙuncin babban taronsa a 2022. Kafin nan mun san juna.

Matsala ɗaya: masu shirin suna son rahoto da hotuna da takardar sa hannun mahalarta.

Nura Mai Caji:
Benci naki ne. Amma ranar da kika fito da takarda kika ce a rubuta suna da lambar waya, kowa zai tashi. Za a ce rajistar tallafi ce, gobe mutum ɗari su cika mini shago.

Anti Ladi:
Matan aure kuma ba mai ɗaukarsu hoto. Kada ma ki fara.

Bashir Rigasa:
Rubuta musu gaskiya, ki ce nan ba a yin haka. In sun ƙi, ga Sadiq nan ya ce dama ya faɗa.

Sadiq K/Mashi:
Dama na faɗa.

Yohanna Sabon Tasha:
Ni zan zo na bencin Nura in gani kafin Oktoba. A ina zan sauka in na shigo Rigasa?

Nura Mai Caji:
Zan turo maka kwatance ta akwatinka. Asabar ko Lahadi?

Yohanna Sabon Tasha:
Asabar. Lahadi ina coci har azahar.

Malam Sani:
Asabar bayan la'asar ke nan. Rukayya, ki biyo ta gida tukuna ki gaida babanki Liman, kada ya ji a bakin mutane.